Ranar da Na Kai Zoben Surukina Wurin Mai Walda

Abubuwa da yawa sun fara zube mini a kai, har lambar wayata sai na tambayi mai ɗakina, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis da na yi wa surukina gyaran da bai roƙe ni ba.

Ni mai gyaran keke ne. Rumfata tana jingine da bangon zauren gidanmu a cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka, kuma shekarata talatin da huɗu a wurin. Kekunan da ake kawo mini na mutanen ƙauye ne masu shigo da masara da itace, da na masinjoji, da na tsofaffin da suka ƙi yarda da babur. Keken ƙarfe ke nan, wanda in ya lanƙwashe ka taka shi da ƙafa ya miƙe. Kayan aikina ba su da yawa: guduma biyu, sifana iri-iri, magagari, wani bututun ƙarfe, da gutsuren ƙarfen layin dogo da na gada wurin maigidana, a kansa nake dukan komai. Abin da na yarda da shi a sana'a, in faɗa muku gaskiya, shi ne duk abin da ya ƙi shiga bai sha duka yadda ya kamata ba ne.

Surukin nawa sunansa Malam Nura, mijin autata Bilki, a Tudun Jukun suke zaune. Malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kuma mai tseren keke ne. (Ranar da na fara ganinsa cikin kayan nan nasu masu kama jiki, sai da na sa uwar Bilki ta bincika mini ko lafiyarsa ƙalau.) Shekara biyu ya yi yana fita bayan sallar asuba yana cin titi, saboda wani gwaji da za a yi a Kaduna ranar Asabar da ke bin Alhamis ɗin, inda za a zaɓi waɗanda za su yi wa jiha tsere. Shekarunsa sun ja a wannan harkar. Ya gaya wa Bilki cewa wannan ne karonsa na ƙarshe, in ya samu ya samu, in bai samu ba ya haƙura. Bilki ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini, haka dai labari ke tafiya tsakanina da shi.

Ku fahimci wannan tukuna. Malam Nura bai taɓa zama kan kujera a gabana ba. Bai taɓa cin abinci ina gani ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Duk hirar da muka taɓa yi tun da ya auri Bilki ba ta wuce "to, Baba" da "haka ne, Baba" da "Allah ya ƙara girma" ba. Ni kuwa abin yana yi mini daɗi, har alfahari nake yi da shi a majalisa, ina cewa a zamanin nan da suruki zai miƙo maka hannu yana danna waya, ni Allah ya ba ni mai kunya.

Saura mako uku gwajin, ya faɗa wani rami da keken, fok ɗin gaba ya tsage. Fok shi ne ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, da sandar da ke bi ta cikin wuyan keke ta haɗu da kai. Irin nasa ba a samunsa a Zariya. Ya sa aka aiko masa daga Legas, motar ta yi ta jan ƙafa, bai iso tasha ba sai ranar Alhamis, saura kwana biyu. Suka je shi da Bilki suka karɓo, da yake hanya ce suka ce bari su biyo su gaishe mu. Da sun wuce gida kai tsaye, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Bayan azahar adaidaita ta sauke su a bakin lungu. Muna zaune ni da Alhaji Sabo, taubashina, tsohon mai sayar da hatsi wanda ya mayar da bencin rumfata ofishinsa tun da ya bar kasuwa. Bilki ta gaishe mu ta shige gida. Malam Nura ya cire takalmi ya tsuguna, da wani dogon kwali a hammata.

"Me muka samu a kwalin?" na ce.

"Fok ɗin keken ne ya iso, Baba."

"Madalla. Wa zai ɗaura?"

"Da ma in na koma gida zan ɗan..."

"Gida? Kana auren 'yar mai gyaran keke ka je kana fama kai kaɗai a tsakar gida? Kawo nan."

Ya dubi kwalin. Sannan ya ce, "To, Baba," ya miƙo da hannu biyu.

Da na zaro shi daga kwalin sai da hannuna ya yi sama, don na shirya ɗaukar ƙarfe na ji kamar na ɗauki ludayin duma. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi. Na ƙwanƙwasa shi da sifana, ya yi wata ƙara ta roba. Malam Nura ya ce da kabon ake yin su. Na gyaɗa kai na ce na sani. Ban sani ba. Ban taɓa riƙe irinsa ba, amma Alhaji Sabo yana zaune, kuma ni ba na cewa ban sani ba a gaban Alhaji Sabo.

Aikin da kansa ba baƙo ba ne a wurina. Akwai wani siririn zobe da ake zura wa sandar fok, a tura shi har gindinta ya zauna daram a kan kafaɗa. A kansa boris ɗin wuya, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, ke juyawa, in babu shi kan keke ba zai juya daidai ba. A keken ƙarfe zoben nan matsattse ne, sai ka ɗora masa bututu ka bi shi da guduma har ya zauna. Na yi wannan sau fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na ce wa Malam Nura ya shiga zaure na ciki ya gaida mutanen gida ya sha fura, kafin ya fito na gama. Ya tashi yana waiwayen kwalin.

Na zazzage sauran kayan. Ga boris a leda, ga wata takarda a ninke, ga zoben. Takardar na shimfiɗa a ƙasa na ɗora gwangwanin giris a kai don kada ya kwashi ƙasa. Da na ɗaga zoben a haske sai na ga abin da na gani: a tsage yake. Gefe guda a yanke, har kana iya zura farce a tsakani.

Nan na ji tausayin yaron nan ya kama ni. Na ce a raina mutanen Legas sun cuce shi, sun haɗa masa da karyayyen zobe don sun ga ba ya kusa. Ga gwaji jibi, babu lokacin mayarwa. In na kira shi na nuna masa a gaban Alhaji Sabo, na kunyata shi, a ce malami guda an sayar masa da fasasshen kaya. Sai na yanke shawarar rufa masa asiri. (Ina roƙon mai karatu ya rubuta mini wannan a gefen alheri, niyyata mai kyau ce.) Na jefa zoben a aljihu, na ce wa Alhaji Sabo ina zuwa, na zaga wurin Tanimu mai walda, wanda ke haɗa ƙyaure da kurfoti rumfa uku daga tawa.

Tanimu ya ɗaga baƙin gilashinsa ya juya zoben a tafin hannu.

"Malam, wannan yankan kamar da inji aka yi shi. Dubi yadda ya tafi sambal, babu ko ɗan gatso."

"Kai da ka san ƙyauren gida, me ya haɗa ka da keke? Liƙe mini."

Ya matse bakin biyu da filaya, ya ɗiga masa tagulla, ya tsoma a ruwa. Na dawo na zauna na bi wurin da magagari har ya yi sumul. Wallahi na yi aiki mai kyau. In ba an nuna maka ba, ba za ka ce an taɓa zoben ba, sai ɗan rawaya-rawayan da ya rage. Na shafa giris, na zura shi a sandar, ya gangara ya je dab da gindi ya tsaya. Ban damu ba, haka suke yi.

Daidai nan Malam Nura ya fito. Ya tsuguna inda ya saba, ya kai ido kan zoben, ya daɗe yana kallo.

"Baba, an... an taɓa zoben ne?"

Na rage murya don kada Alhaji Sabo ya ji, ko da yake kunnen Alhaji Sabo ba ya barin komai ya wuce. "A tsage suka aiko maka da shi. Na sa an liƙe. Kada ka damu, magana ta tsaya tsakanina da kai."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Na kafa ƙafafun fok ɗin a kan ƙarfen layin dogo, na zura bututu ta sama har ya hau kan zoben, na jawo babbar guduma. Kafin wannan lokacin mutum uku ko huɗu sun tsaya kallo, don ba kullum ake ganin baƙin fok mai sheƙi a lungunmu ba. Tanimu ma ya kashe wutarsa ya taho.

"Baba," in ji Malam Nura, kansa a ƙasa, "ko a bari sai gobe? Na ga kamar an gaji."

"Wa ya gaji? Aikin minti biyu ne."

"Haka ne, Baba."

Na sauke duka na farko. Zoben bai motsa ba. Na biyu, ya ɗan karkace.

"Baba, ko akwai wani zoben a gida, tsohon nawa, in je in ɗauko?"

"Ga sabo ka koma tsoho? Zauna."

Na uku. Na huɗu. Ta gefen ido na ga hannunsa ya taso kamar zai riƙe wani abu, ya tsaya a iska, ya koma kan gwiwa.

"Baba, ko a ɗaga shi a riƙe a hannu, kada ƙafafun su taɓa ƙarfen?"

Wannan kam ta ba ni dariya. Na waiwaya wurin 'yan kallo na ce, "Kun ji 'yan boko. A daki abu a iska." Aka yi dariya. Shi ma ya yi ɗan murmushi, irin wanda mutum ke yi a asibiti in an ce allurar ba zafi. Na gyara tsayuwa, na tofa yawu a tafin hannu, na ɗaga gudumar har bayan kai.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar ka taka busasshen kara ne. Bututun ya zame, zoben ya tsaya a karkace inda yake, amma daga kafaɗar fok ɗin zuwa rabin ƙafar hagu wani layi ya buɗe, wasu baƙaƙen zaruruwa suka leƙo. Rumfar ta yi tsit. Malam Nura ya rufe ido na ɗan lokaci ya buɗe.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma sai na ɗaga fok ɗin, na duba shi irin duban masana, na ce, "Ba wani abu ba ne. Tanimu, ɗauki ka ɗan bi mini nan da wuta."

Tanimu bai karɓa ba. Ya sa yatsa ya taɓa zaren. "Malam, wannan ba ƙarfe ba ne fa. Zare ne aka saƙa aka daskarar da gam. In na sa masa wuta ƙonewa zai yi."

Shirun da aka yi ne ya fito da Bilki, don ta saba in guduma ta tsaya hira ke tashi. Ta tsaya a bakin zaure da mayafinta, ta kalli mijinta, ta kalli abin da ke hannuna. Ita auta ce, uwarta ta sangarta ta, ni ma na taya, saboda haka babu abin da take jin nauyin faɗa. Ta matso ta duba.

"Wa ya liƙe zoben?"

Tanimu ya shiga gyaran gilashinsa.

"Baba, ai da yankansa yake zuwa. Don ya buɗe ya shiga da hannu aka yi shi haka, ba a dukansa. Ni da ko hawa keke ban iya ba na sani, sau nawa ina ganinsa yana sakawa da babban yatsa a tsakar gida." Ta juya kan mijinta. "Kai kuma kana tsugune kana kallo? Shekara biyu kana fita da asuba, kana kallo?"

Malam Nura ya ce, "Baba ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na sha zagi a rayuwata, an taɓa jifana da feda a kasuwa, amma babu abin da ya taɓa shigata kamar kalmomin nan biyu.

Alhaji Sabo, wanda Allah bai halicce shi don ya bar rauni ya huta ba, ya sunkuya ya ɗaga gwangwanin giris ya zaro takardar da na shimfiɗa. Ya warware ta, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Ba ya karanta Turanci, ni ma haka, amma masu takardar sun yi tunanin irinmu. Zane ne. Hoto na farko zobe ne da yankansa ɓaro-ɓaro. Na biyu yatsu biyu suna tura shi. Na uku guduma ce, an ja mata jan layi biyu a gicciye, ga da'irar gindin gwangwanina ta zagaye ta da giris.

"Ikon Allah," in ji shi. "Har gudumarka suka sani. Dubi ƙotar, ita ce sak." Ya miƙa wa na kusa da shi, takarda ta shiga zagaya hannu.

Mutum in kunya ta yi masa yawa sai ta koma faɗa. Na juya kan Malam Nura na ce, "To kai me ya hana ka magana? Bakinka ciwo yake?"

"A yi haƙuri, Baba."

"Ya yi magana," in ji Alhaji Sabo, yana lanƙwasa yatsu. "Ya ce a bari sai gobe, ɗaya. Ya ce zai ɗauko tsohon zobe, biyu. Ya ce a riƙe a hannu, uku, ka ce ɗan boko ne. So kake ya kama ka da kokawa?"

"Laifina ne, Baba," in ji Malam Nura. "Ni ne ban yi bayani yadda ya kamata ba."

Ya karɓi fok ɗin da hannu biyu kamar yadda ya ba ni, ya mayar da shi kwali, ya haɗa da boris ɗin, ya ninke bakin kwalin a hankali. Ya yi mini sallama cikakkiya, har da "a huta gajiya". Bilki ko kallona ba ta yi ba. Aka kira la'asar, na yi alwala na wanke fuska ya fi sau uku, kuma ban iya tuna surar da na karanta ba.

Ranar Juma'a ya yini yana buga waya Kano da Kaduna, ba a samu irin fok ɗin ba. Ni kuma na zaɓi mafi kyawun fok ɗin ƙarfe a rumfata, na goge shi tas, na ba uwar Bilki ta aika. Ko wuyan kekensa ba zai cika ba, ni ma na san haka, amma zama ya gagare ni. Aka dawo da shi da yamma tare da godiya mai yawa. Ranar Asabar ya tafi Kaduna a mota, ya tsaya a gefen titi yana miƙa wa abokansa ruwa. An zaɓi waɗanda aka zaɓa. Bilki ta ce wa uwarta biyu daga cikinsu bai taɓa barin su wuce shi ba a atisaye, uwarta kuma ba ta rage mini ko kalma ba wurin isar da saƙon. Bai sake neman gwajin ba.

Har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa gaishe ni, ya cire takalmi, ya tsuguna. Abin da na lura da shi kawai, a ƙafa yake shigowa lungun. Na ɗauka ya bar keke gaba ɗaya saboda ni, abin ya yi ta cina a rai wata da watanni, kuma babu fuskar tambaya.

Sai wata Juma'a na tsaya sayen kayan faci a wajen Ƙofar Doka, na hangi keke jingine a cikin shagon wani tela, da sabon baƙin fok yana sheƙi. Na tambayi telan na wane ne. Bai san ni ba, yaron kwanan nan ya kama shagon.

"Na wani malami ne," ya ce. "Duk Juma'a nan yake ajiye shi ya ƙarasa cikin gari a ƙafa. Wai surukinsa mai gyaran keke ne, mutumin kirki, ba ya iya ganin keke bai taimaka ba."

Na tsaya ina kallon keken. Birkin baya yana ɗan shafar taya, aikin juyi ɗaya ne da ƙaramar sifana, kuma tana aljihuna. Har na kai hannu na taɓa ta. Sai na ce wa telan Allah ya ba da kasuwa, na bi doguwar hanya zuwa gida don kada mu yi kiciɓis.

Na same shi tsugune a bakin rumfa yana jirana. Muka gaisa, na tambayi Bilki, na tambayi makaranta, ban tambayi keke ba.

Guduma dai ban daina ba, da ita nake ci. Amma yanzu duk wanda ya ce mini "to" kansa a sunkuye, sai in ajiye ta in aika gidansa a tambayo matarsa.